Haƙori ɗaya a sifoket: Abin da mai babur ke samu da abin da yake biya

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk wani mai abin hawa a ƙasar nan ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 da 'yan kai cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Masu motoci da yawa suka jingine su suka koma kan babur. Tafiyar da a da ake shiga tasha dominta, kamar daga Kano zuwa Wudil ko Bichi, ko daga Zariya zuwa Funtuwa, sai ga shi mutum ya ɗaure jakarsa a bayan mashin ya kama hanya. Wannan ne ya sa wata tsohuwar shawara ta garejin makanikai ta sake samun kasuwa, wato a canza wa babur sifoket domin injin ya rage kuka a kan babbar hanya, ya rage shan mai, wasu ma su ƙara da cewa zai fi gudu.

Shawarar ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce. Sauran rabin, wanda ba a cika faɗa wa mai babur ba, shi ne sifoket ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko da na ƙwayar zarra. Musaya kawai yake yi: ya karɓi wani abu daga hannunka, ya ba ka wani. Kafin mutum ya miƙa kuɗinsa, ya kamata ya san abin da za a karɓa, domin a kan hanyar da tireloli ke bi, abin da aka karɓa ɗin yana iya zama shi ne tsakaninsa da halaka.

Bari mu fara da yadda abin yake. Sifoket faranti ne na ƙarfe mai haƙora, wanda sarƙar babur, wadda makanikai ke kira cen, take hawa. Guda biyu ne: ƙarami a gaba, a jikin inji, da babba a jikin tayar baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tela ya ga irin wannan dabara a keken ɗinki na ƙafa, inda babban gargare na ƙasa ke juyawa sau ɗaya, ƙaramin na sama kuma ya juya sau da yawa. A babur an juya tsarin ne: ƙaramin ke jan babban, saboda haka inji ya yi juyi da yawa, taya ta yi kaɗan, amma ta yi shi da ƙarfin da zai iya ɗaukar mutum da kayansa. Lissafin ba shi da wuya. A raba haƙoran na baya da haƙoran na gaba. Mu ƙaddara babur yana da haƙora 14 a gaba, 42 a baya; amsa ita ce 3, ma'ana sai ƙaramin ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka cire mai 14 aka sa mai 15, amsa ta koma 2.8. Idan kuma aka bar na gaba yadda yake, aka rage na baya daga 42 zuwa 39, kusan wuri ɗaya za a sauka. Daga nan ne makanikai suka samo ƙa'idarsu ta cewa haƙori ɗaya a gaba daidai yake da uku a baya.

To me wannan ke nufi a kan kwalta? Tayar baya mai lamba 3.00-17, irin wadda ƙananan babura da yawa ke amfani da ita, tana cin kimanin mita 1.83 a kowane juyi. Babur da ke tafiyar kilomita 80 a awa yana cin mita 1,333 a minti, ke nan tayarsa na juyawa kusan sau 730 a minti. A ninka da 3 na sifoket, an sami 2,190. A cikin inji kuma akwai wani ragin. Mu ɗauka shi ma ninki uku ne, don sauƙin lissafi. Injin ke nan yana juyi 6,570 a minti. Da an sa mai haƙora 15, a wannan gudun dai na kilomita 80, juyin zai sauko zuwa kimanin 6,130. An sami ragin juyi 440, wato kusan kashi 7 cikin ɗari. Kunne zai ji bambancin, hannu ma zai ji, domin karkarwar da inji mai silinda ɗaya ke turowa ta kan babur har yatsu su yi sanyi, tana da wani mataki na juyi da take tsananta a kai. Sauke juyin kaɗan yakan raba matuƙi da ita. Wannan riba ce ta gaskiya, kuma wanda ke shafe awa biyu ko uku a kan sirdi ba zai raina ta ba.

Sai dai kashi 7 ɗin nan da aka rage a juyi, shi ne dai aka rage a ƙarfin da taya ke tura ƙasa da shi. Kuma ba a giyar ƙarshe kaɗai ba, a kowace giya, tun daga ta ɗaya. Nan ne sifoket ya bambanta da ƙarin giya. Idan kamfani ya ƙera babur mai giya biyar maimakon huɗu, yana iya barin ta ɗaya da ƙarfinta na tashi, ya sa ta biyar ta zama ta doguwar tafiya. Sifoket ba shi da wannan zaɓin; yana bayan akwatin giya ne, don haka duk abin da ya yi wa ta huɗu, ya yi wa ta ɗaya. Babur ɗin da a da ke tashi da mutum biyu da buhun masara ba tare da gardama ba, yanzu sai an ƙara totur, an daɗe ana sakin kuloci a hankali kafin ya miƙe. Kowane tashi irin wannan yana cin fatun kuloci. Ɗan acaɓan da ke tsayawa ya tashi sau ɗari a wuni, abin da ya tara a fetur zai mayar da shi wajen mai kayan gyara.

Akwai wani abu game da yadda muke magana a kan inji da nake ganin yana da hannu a wannan lamari. Bahaushe ya ɗauki kalmomin da yake yi wa dabbar sufuri ya ɗora wa ƙarfe. Muna cewa inji yana kuka, ya gaji, ya sha wuya, a bar shi ya huta, kamar dai jaki ko raƙumi ake nufi. Kalmomin suna da daɗi, kuma sun yi mana aiki, amma suna ɗauke da wani hukunci a ɓoye: duk abin da ke kuka wahala yake sha, duk abin da ya yi shiru yana cikin sauƙi. A wajen ƙaramin inji, sau da yawa akasin haka ne gaskiya. Haka kuma kalmar gudu, da ita muke auna saurin babur, da ita muke auna saurin juyin inji, alhali abubuwa biyu ne da giya ke tsakaninsu. Idan bakanike ya ce wa mutum "zai fi gudu", ba a cika tambayarsa wane gudun ba.

Ga dalilin da ya sa kukan ƙaramin inji ba lalle ne ya zama kukan wahala ba. Abin da ke gajiyar da inji ba yawan juyi kaɗai ba ne, har da nisan da fistin ke zirga-zirga a kowane juyi. Injin Honda CG125, wanda aka fara fitarwa a 1975 musamman domin ƙasashe irin namu, kuma wanda kamfanonin Sin da dama suka kwaikwayi ƙirarsa, fistinsa na tafiyar milimita 49.5 ne daga sama zuwa ƙasa. A juyi 7,000 a minti, matsakaicin saurin fistin ɗin kimanin mita 11 da rabi ne a daƙiƙa. Injin Peugeot 504 mai lita biyu, wanda fistinsa ke tafiyar milimita 81, yana kai wa wannan saurin tun yana juyi 4,300. Wato abin da kunnen direban mota zai ji kamar inji zai tarwatse, a wajen ƙaramin babur tafiya ce ta yau da kullum. Haka aka ƙera shi. Bajaj Boxer mai siisi 100, wanda ya cika ƙauyuka da biranenmu, ƙarfinsa kimanin doki takwas ne, kuma ba ya ba da wannan ƙarfin duka sai ya kai wajen juyi 7,500. Idan ka hana shi kaiwa can, ka hana shi dawakansa.

Abin da ke yi wa irin wannan inji illa ta haƙiƙa shi ne a danne shi: giya ta sama, juyi kaɗan, kaya masu nauyi, totur a buɗe har ƙarshe. A wannan hali kowace fashewar mai a cikin silinda tana dukan fistin da ƙarfi, tana daɗewa tana gasa shi, ga famfon baƙin mai, wanda injin ne da kansa ke juya shi, yana turo mai kaɗan a lokacin da aka fi bukatarsa. Wani lokaci har a riƙa jin wani ƙwas-ƙwas daga kan inji, alamar man yana fashewa ba bisa tsari ba. Injin da iska ke sanyaya shi, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, ba shi da rarar da zai jure wannan na tsawon lokaci. Sautinsa ya yi ƙasa, mai shi yana jin daɗi wai ya hutar da shi, alhali kuwa yana dafa shi ne a hankali.

Sai batun "zai fi gudu", wanda shi ne ya fi jan hankalin matasa. A takarda, idan injin ya kai juyin da yake kaiwa a da, lalle babur zai ƙara sauri da kashi 7 cikin ɗari. Matsalar tana cikin kalmar "idan". A kan babbar hanya babban abokin gabar babur iska ce, kuma iska ba ta ƙaruwa daidai da sauri. Idan sauri ya ninka biyu, turjiyar iska ninkawa take sau huɗu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuwa sau takwas. Saboda haka ƙarin kashi 7 a sauri yana neman ƙarin fiye da kashi 20 a ƙarfin inji. Daga ina doki takwas zai samo wannan? Ba daga sifoket ba. Abin da yakan faru shi ne injin ya kasa hawa zuwa inda ƙarfinsa yake, ya maƙale a ƙasa, babur ya tsaya a saurin da yake yi a da, ko ma ƙasa da shi. Ba abin mamaki ba ne a ga babur ɗin da aka yi wa irin wannan canji har ya wuce kima yana fin sauri a giya ta uku a kan ta huɗu.

Kuma wannan duk a rana mai lafiya ne, a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Wanda ya tashi daga Kano ya nufi Haɗeja ko Nguru a lokacin hunturu, iskar arewa maso gabas yake fuskanta gaba da gaba. Idan yana tafiyar kilomita 70, iska kuma na tahowa da 20, ƙirjinsa da babur ɗinsa iskar kilomita 90 suke turawa, turjiyar kuwa ta ƙaru da kusan kashi 65 cikin ɗari. A ƙara da babbar riga da ke kumbura kamar tanti, da kwali ko jarkoki da aka ɗaure a baya suka fi faɗin matuƙi. Haka nan tudu. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba, inji kan rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa tun kafin a ɗora masa komai. Babur ɗin da zai hau Hawan Kibo, ko ya bi hanyar Gembu a tsaunin Mambila, ko ya kutsa yashin arewacin Yobe da Damagaram, ba ya bukatar a rage masa ƙarfin taya. Mutanen irin waɗannan wurare ma akasin haka sukan yi, su ƙara girman na baya, kuma suna da gaskiya.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen wuce mota. Mu ce tirela na tafiyar kilomita 65 a hanya mai hannu biyu, kai kuma kana son ka wuce ta. Tsakanin tazarar da ka bari a bayanta, da tsawonta, da tazarar da za ka bari kafin ka koma hannunka, sai ka ci mata kimanin mita 50. Idan babur ɗinka zai iya kai wa 80, daƙiƙa 12 za ka yi a hannun da ba naka ba. Idan kuwa bayan canjin sifoket ya maƙale a 75, daƙiƙa 18 ce. A cikin waɗannan daƙiƙu 18 kai ka ci mita 375, motar da ke tahowa da gudun kilomita 100 ita kuma ta ci mita 500. Ke nan kana bukatar hanya ta zama fayau har kusan kilomita guda a gabanka, ga guguwar da tirela ke tasowa tana jijjiga ka. Mai babur ɗin da ya san abin da aka yi wa mashin ɗinsa zai sauko giya ɗaya kafin ya fita. Wanda aka ce masa kawai "zai fi gudu" zai murɗa totur ya jira abin da ba zai zo ba.

A nan ya kamata a tuna da abin da doka ta ce, ko da yake an san yadda ake bin ta. Littafin ƙa'idojin hanya na Nijeriya, wanda Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa da aka kafa a 1988 ke aiki da shi, ya ƙayyade wa babur kilomita 50 a awa, a cikin gari da kuma kan babbar hanya. Wani zai ce wannan adadi bai dace da zamani ba, kuma ana iya muhawara a kai. Abin da ba ya karɓar muhawara shi ne birki. Nisan da abin hawa ke ci kafin ya tsaya yana ƙaruwa ne kamar yadda turjiyar iska ke ƙaruwa: wanda ke kan 80 yana bukatar fiye da ninki biyu da rabi na filin da mai 50 ke bukata. Mafi yawan ƙananan baburanmu birkin ganga ne da su gaba da baya, da siraran tayoyi. Wani abin kuma, rage juyin inji yana rage yadda injin ke riƙe babur idan an saki totur a gangara, sai nauyin ya ƙara komawa kan birki. Duk wanda zai taɓa sifoket da niyyar ƙara sauri, alhali bai taɓa birki da taya ba, bai kuma mallaki hular kwano ba, wadda aka fara tilasta sanyawa tun ranar 1 ga Janairu, 2009, ya fara gini ne daga rufi.

To batun mai fa, wanda shi ne asalin abin da ya kai mutane gareji? Akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. Inji yana ɓarnatar da wani kaso na ƙarfinsa wajen gogayyar sassansa da wajen zuƙo iska ta maƙogwaron da totur ya tsuke. Idan juyi ya ragu, totur ya ɗan ƙara buɗewa, wannan ɓarna tana raguwa, shi ya sa motoci ke da giyar ƙarshe ta doguwar tafiya. Amma ribar tana samuwa ne muddin injin na da rarar ƙarfi. Da zarar an kai ga sai an murɗe totur gaba ɗaya kafin a riƙe saurin da ake so, kafireto zai fara zuba mai fiye da kima, domin haka aka tsara shi ya yi a buɗewar ƙarshe, ribar kuma ta tafi. Ko a inda aka dace, kada mutum ya zaci ragin kashi 7 a juyi zai zama ragin kashi 7 a fetur, tunda aikin keta iska da ɗaukar nauyi yana nan yadda yake. Wanda ya sauko daga kilomita 80 zuwa 65 ya rage turjiyar iska da kashi ɗaya cikin uku, bai biya bakanike ko kwabo ba. Iskar taya daidai, da tsabtace matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan makonni, da sarƙa mai mai, su ma sukan yi abin da ake nema a wajen sifoket.

Kada a fahimce ni da cewa canjin ba shi da muhalli. Yana da shi. Kamfanonin da ke ƙera babura domin kasuwar Afirka sun san abin da za a yi da su: ɗaukar fasinja biyu ko uku, da buhuna, a hanyar da ba kwalta. Don haka sukan zaɓi sifoket mai fifita ƙarfin ja a kan sauri. Wannan zaɓi ya dace da ɗan acaɓa, musamman tun da aka hana sana'ar a tsakiyar Abuja a 2006, da birnin Kano a Janairun 2013, da yawansu suka koma hanyoyin karkara da bakin kasuwannin ƙauye. Amma malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke tafiya shi kaɗai, da 'yar jakarsa, kilomita 40 ko 50 kullum a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, a kan babur mai siisi 125 ko 150, an ba shi ƙarfin jan da ba ya amfani da shi. Shi kam yana da abin da zai bayar a musayar. Haƙori ɗaya a gaba zai sauƙaƙa masa tafiya, ya rage masa karkarwa, wataƙila ya rage masa ɗan mai.

Akwai gwajin da mutum zai yi da kansa kafin ya yanke shawara. Da irin nauyin da ya saba ɗauka, a hanyar da ya saba bi, ya lura da giyar ƙarshe. Idan babur na kai wa saurin tafiyarsa totur bai wuce rabi ba, har ƙafarsa na neman wata giyar da babu, kuma ƙaramin tudu ba ya sa shi saukowa, to akwai rara. Idan kuwa a yanzu ma sai ya murɗe hannu kafin ya riƙe saurin, ko iska kaɗan ta sa babur ya yi sanyi, babu abin da zai bayar, ya bar sifoket ɗinsa yadda kamfani ya sa. Mai siisi 100 da ke ɗaukar mutum biyu kusan kullum yana cikin kashi na biyu.

Wanda ya ga yana da rara, to ya taka a sannu. Haƙori ɗaya a gaba, ko biyu zuwa uku a baya, ba duka biyun a lokaci guda ba. Na kan ji ana yaba wa wanda ya sa 16 a gaba, 39 a baya, wai ya mayar da babur ɗinsa mota. A lissafinmu na ɗazu wannan ya sauke 3 zuwa 2.44, ragin kusan kashi 19 cikin ɗari. Tsakanin hanyoyin biyu kuwa, ƙara na gaba ya fi araha, ya fi saurin yi, kuma ya fi yi wa sarƙa daɗi, domin ba ta lanƙwasa sosai a kan faranti mai faɗi. Sai dai a tabbata akwai fili tsakaninsa da murfin inji, kada sarƙa ta riƙa gugar ƙarfe. Rage na baya da haƙora uku yakan sa sarƙa ta yi sako-sako, wani lokaci sai an cire mata gaɓa. A tuna kuma cewa sa tayar baya da ta fi ta asali tsayi shi ma canjin giya ne, ko da ba a taɓa sifoket ba. Wanda ya yi duka biyun ya yi canji sau biyu bai sani ba.

Sarƙa tana da lamba, kuma dole sifoket ya dace da ita. Mai lamba 428 ita ta fi yawa a baburanmu, tazarar gaɓoɓinta milimita 12.7. Mai lamba 420 tazararsu ɗaya, amma ta fi siranta, saboda haka ana iya kuskuren haɗa su a ga kamar sun zauna, alhali ba su zauna ba. Sabon sifoket a kan tsohuwar sarƙa da ta miƙe asarar kuɗi ce, domin cikin ɗan lokaci za ta cinye haƙoransa su koma kamar ƙaho. Lokacin da ya fi dacewa a yi canjin shi ne sa'ad da dama za a sauya sarƙa da faranti biyun gaba ɗaya. A kula da ingancin ƙarfe, don kasuwa cike take da na jabu masu laushi. Bayan an ɗaura, a daidaita tayar baya ta tsaya sak, a bar wa sarƙa wasan da littafin babur ya faɗa, wanda galibi santimita 2 zuwa 3 ne, a kuma duba ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙa: rufaffen kansa ne ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya. Idan aka juya shi, wani abu na iya fizge shi, sarƙa ta tsinke a tsakiyar gudu ta naɗe tayar baya.

Agogon sauri ma yana da nasa. Baburan da agogonsu ke karɓar lissafi ta waya daga tayar gaba, kamar yawancin na hannun talaka, canjin sifoket ba ya shafar su. Amma wasu sababbi da manyan babura daga cikin akwatin giya suke ƙirgawa. Irin waɗannan, da an ƙara haƙori a gaba, agogo zai riƙa nuna ƙasa da abin da yake nunawa a da: ya ce 75 a inda jiya zai ce 80, haka ma kilomitocin da yake tarawa, waɗanda da su ake sanin lokacin juye baƙin mai. Manhajar taswira ta wayar hannu ta isa a gwada ta da agogon a gane bambancin.

Daga nan sai awo, domin kunne ba shaida ba ne a wannan shari'a. Kafin canji, a cika tanki har baki, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiyar mako guda yadda aka saba, a sake cikawa a rubuta litar da ya sha. Bayan canji a maimaita, a hanya ɗaya, da nauyi ɗaya, da sauri ɗaya. A lura ko yanzu ana yawan saukowa giya ta uku a wuraren da a da ta huɗu ke wucewa, a kuma lura ko kuloci ya fara wari idan an tashi da kaya. Tsohon sifoket ɗin kuma kada a bar wa yaran gareji. A nannaɗe shi a tsumma mai mai a ajiye, domin idan damina ta sauka hanya ta koma laka, ko kaka ta yi aka fara jigilar buhuna daga gona, aikin rabin awa ne a mayar da shi.